Idan Kuɗin Kaɗan Ne, Waɗanne Littattafai Mai Bishara Zai Fara Saye?

Albashin mai bishara a ƙauye bai kai ya cika kanta da littattafai ba, haka ma aljihun dattijon ikilisiya ko shugabar zumuntar mata. Don haka shawarata, ɗan'uwa, ita ce ka saya kaɗan-kaɗan, ka karanta wanda ka saya har ya zauna maka, kuma kaso mafi tsoka na kuɗin ya tafi ga fannin da muka fi yi wa sakaci, wato yadda ake zama da mutumin da zuciyarsa ta karye.

Kafin komai, ka mallaki Littafi Mai Tsarki na Hausa iri biyu. Cikakkiyar fassara ta farko ta fito a 1932, wadda yawancinmu muka tashi da ita ta fito a 1979, ga kuma Sabon Rai Don Kowa mai sauƙin Hausa. Idan aya ta shige maka duhu, buɗe biyun ka jera su. Sau da yawa nan take za ka ga bakin zaren. Na biye da su shi ne Africa Bible Commentary, sharhin da malamai saba'in 'yan Afirka suka rubuta ƙarƙashin jagorancin Tokunboh Adeyemo, aka buga a 2006, daga baya aka fassara shi zuwa Hausa. Yana da tsada. Amma kundi ɗaya ne da ya bi Nassi daga Farawa har Wahayi, a tsakani kuma akwai gajerun rubuce-rubuce kan maita, gādon gwauraye da ƙabilanci. Da za a ce littafi guda kaɗai za ka saya bana, shi ne.

Littattafan ibada ba sa bukatar dogon bayani. Ɗan littafin karatun kullum irin su Abincin Yini ya isa a fara, da sharaɗi ɗaya: ka karanta nassin ranar dukansa kafin ka duba bayanin, kada bayanin ya maye gurbin Maganar. In kana jin Turanci, nemi The Pilgrim's Progress na John Bunyan, wanda ya fara rubutawa yana kurkuku a Ingila saboda wa'azi, aka buga a 1678. Labari ne, don haka yana karantuwa ga iyali da dare. Confessions na Agustin, ɗan ƙasar da a yau ake kira Aljeriya, addu'a ce doguwa ta mutumin da bai ɓoye wa Allah zunubinsa ba; a bi shi shafi biyu-biyu. Shi kuwa My Utmost for His Highest na Oswald Chambers, duk da yabon da yake sha, Turancinsa a dunƙule yake, ka ajiye shi sai gaba.

A tauhidi, fara da na gida. Samuel Waje Kunhiyop yana da biyu: African Christian Ethics na 2008 da African Christian Theology na 2012. Na farkon nake so ka riga saye, domin tambayoyin da ke cikinsa su ne waɗanda za a kawo maka bayan sujada: mai mata biyu da ya tuba, ma'auratan da ba su sami haihuwa ba, cin hanci, tsohuwar da ake zargi da maita. Byang Kato, ɗan Kwoi wanda ya rasu a gaɓar tekun Kenya a 1975, ya bar mana Theological Pitfalls in Africa a wannan shekarar. Wasu malamai sun ce ya tsananta wa al'ada, kuma ba laifi ka ji hujjarsu, amma ka karanta shi da kanka tukuna. Bayan waɗannan sai Knowing God na J. I. Packer. Littattafan “buɗin arziki” da ake tallarsu a tasha kuwa, gwada su da abu ɗaya: ɗauki aya uku da marubucin ya kawo, ka karanta surorin da ya ciro su. In ka tarar ya yanko su daga muhallinsu, mayar masa da kayansa.

Yanzu ga inda na fi damuwa. Makarantar tauhidi tana koya wa ɗalibi shirya wa'azi, amma ranar da ya kama aiki, matar da aka kashe mijinta a gona ce ke jiransa, ko saurayin da ya dawo daga hannun masu garkuwa ba ya iya barci. Yawancinmu a nan sai mu ruɗe, mu zuba ayoyi, mu ce a yi haƙuri, mu tashi. Nemi Healing the Wounds of Trauma, wanda ya fara fitowa a 2004 bayan an gwada darussansa da shugabannin ikilisiya daga ƙasashen Afirka masu fama da yaƙi. Siriri ne, kowane darasi da labari yake farawa. Zai koya maka yin tambaya kaɗan da saurare mai yawa, ya nuna maka cewa kuka a gaban Allah ba rashin bangaskiya ba ne, tunda Zabura da Makoki cike suke da shi. Abokan Ayuba ma kwana bakwai suka yi shiru tare da shi, sai da suka buɗe baki suka ɓata. Gladys Mwiti ta Kenya da Al Dueck sun rubuta Christian Counseling: An African Indigenous Perspective, wanda ya san cewa a wurinmu matsalar mutum ta danginsa ce. Babban kundin Gary Collins na 1980 kan ba da shawara yana da amfani wajen neman bayani, sai dai ka tuna don Amurka aka rubuta shi, inda ake sa rana a zo ofis. Kai a zaure za a same ka, da kawu da gwaggo a zaune.

Littafi mai kyau zai kuma nuna maka iyakarka. Wanda ke maganar kashe kansa, ko yake jin muryoyi, ko ya yi makonni ba barci, ka yi masa addu'a, sa'an nan ka raka shi wurin likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware. Abin da aka faɗa maka a asirce kada ya zama misali a wa'azin Lahadi, ko da ka sakaya suna, domin a ƙaramar ikilisiya kowa zai gane. Idan mace ce ta zo, matarka ko wata uwa daga zumunta ta kasance kusa.

Wajen saye, kantin ACTS da ke Bukuru da kantunan Challenge su ne wuraren fara nema, kuma ka tambaya ko akwai bugun Nijeriya, ya fi araha. Ku masu bishara na gunduma ɗaya ku yi karo-karo, kowa ya sayi daban, ku buɗe rajistar aro da wa'adin wata guda, a riƙa musaya a taron wata. A ajiye su cikin akwatin ƙarfe a kan benci, saboda gara da damshin damina.