Hannun Mata

A kasuwar birnin Zariya, idan aka yaba wata babbar riga, akan tambayi sunan maɗinkinta, wani lokaci har da na marinin da ya tura ta. Amma da wuya ka ji an tambayi wadda ta kaɗa zaren. Alhali kuwa a zamanin da, kafin yadin masana'anta ya yawaita, ba rigar da za ta samu sai mace ta gurza auduga, ta shiɓe ta, ta zauna da mazari da alli tana kaɗi kwana da kwanaki.

To, yara, ku duba gidajenku na nan Tudun Jukun. Wa ya saƙa faifan da ake rufe fura da shi, ya sa masa baƙi da ja? Wa ya yi jeren ɗakin amarya? Wa ya zana lalle? Duk wannan zane ne, ko da yake ba a kan takarda aka yi shi ba.

Haka kuma wajen kiɗa. Mata suna da waƙar niƙa, da luguden daka, da shantu. Suna kuma da amada, watau kiɗan da ake yi da ƙore a kife, wata ƙwaryar ma a kifa ta bisa ruwa don ta ba da amo mai zurfi. A cikin gida ake yinsa ran suna ko biki. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa ita ce ta shahara da shi, har aka san muryarta ko'ina a ƙasar Hausa. Ta yawaita yi wa mata gargaɗi su kama sana'a. Ta rasu a 2013. Tun kafin wannan, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara waƙoƙi da Larabci da Fillanci da Hausa, jajinta suna kai su ƙauyuka suna koya wa mata.

Wadda na fi so ku riƙe labarinta ita ce Ladi Kwali. Bagwariya ce, mutuniyar ƙauyen Kwali, a ƙasar Abuja ta da, garin da yanzu ake kira Suleja, wanda sarakunan Zazzau na Haɓe suka kafa bayan sun bar Zariya. A gida ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya. Ba ta da na'ura. Da hannu take murza yumɓu ta ɗora, ta riƙa zagaya tukunyar har ta tashi, sa'an nan ta zana mata kunama, ko ƙadangare, ko kifi, ko hawainiya. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta a gidansa, a nan wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. A 1954 ta shiga makarantar gini da ya buɗe a Abuja, ita ce mace ta farko a cikinta.

Can aka riƙa shafa wa tulunanta wani ruwa mai ƙyalli, a gasa su da wuta mai tsanani. Sai ga abin mamaki: tulun ya ƙara kyau, amma ya daina tsatsafa, tulun da ba ya tsatsafa kuwa ba ya sanyaya ruwa. Ya tashi daga kayan aiki ya koma abin kallo. Ni dai ban ce wannan ya fi wancan ba.

An nuna aikinta a Landan, ta kuma je Amurka a 1972 tana gini a gaban jama'a. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta nan Samaru ta ba ta digirin girmamawa, ita da ba ta yi karatun boko ba. Ta rasu a 1984. Hotonta ne a bayan takardar naira 20, ta sunkuya bisa tukunya.

Aiki: Kowa ya nemi faifai, ko tulu, ko hula guda a gidansu, ya tambayo sunan wadda ta yi, da wadda ta koya mata, ya rubuto a littafinsa.