Wa Aka Tambaya? Darasi Daga Zauren Kansiloli

Lokacin da nake SIWES a sakateriyar wata ƙaramar hukuma, na taɓa zama a bayan zaure ina rubuta bayanan taro, kansiloli suna ta ja-in-ja kan kuɗin da aka ware wa sashen yaɗa labarai. Wasu suka ce a sayi fili a gidan rediyo, jama'a su ji ayyukan da ake yi. Wasu suka ce a fara tambayar jama'ar tukuna: rijiyar burtsatse suke so, ko gyaran ɗakin shan magani, ko magudanar ruwa? Sai wani kansila ya ce, "Ai tambaya ba ta cin ko sisi. A saka a WhatsApp, kafin la'asar mun samu mutum dubu." Kowa ya gyaɗa kai. Wallahi har da ni.

Sai da muka shiga darasin ɗaukar samfuri a kwas ɗin ƙididdiga na gane inda gizo ke saƙar. Malaminmu ya kawo misalin zaɓen Amurka na 1936. Mujallar Literary Digest ta aika da takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta ce Landon ne zai ci. Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Me ya faru? Yawancin sunayen daga littafin masu tarho da rajistar masu mota aka ɗebo su, wato masu hali, kuma waɗanda suka ga dama ne kawai suka amsa. George Gallup kuwa, da mutum kusan 50,000, ya faɗi daidai.

To, dawo da wannan gida. Wa ke cikin zauren WhatsApp na unguwa? Matasa da ma'aikata masu babbar waya. Matar da ke sayen ruwa wajen mai garuwa kullum ba ta ciki, manomin ƙauye ba ya ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma fa sai an je ɗakin.

Ga abin da na riƙe. Na farko, a bi kowace mazaɓa, a zaɓi gidaje ta hanyar ƙuri'a, ba gidajen 'yan jam'iyya ba. Idan an yi haka, mutum 400 sun isa a samu amsar da kuskurenta bai cika wuce kashi 5 cikin 100 ba, mutum 1,000 kuma kashi 3. Na biyu, a tura mata masu tambaya, domin akwai gidajen da namiji ba ya shiga. Na uku, kada tambaya ta nuna wa mutum amsa. "Me ya fi damunku?" ta fi "Ba kwa son sabuwar kasuwa?" Na huɗu, a mayar wa jama'a sakamakon. A nan ne kuɗin rediyon zai yi amfani.

A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Wasunmu can za mu yi aiki, kuma mu za a miƙa wa takardun tambayoyin. Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, tun daga binciken kammala karatu a daina cike takardu a ɗakin hostel. Gara a sha rana a je a tambayi mutanen.