Man Akwatin Giya: Aikinsa, Dubansa da Yadda Ake Canja Shi

Mai karatu zai yi mamakin ganin malamin ilmin halittu ya tsoma baki cikin sha'anin bakanikai. Dalili kuwa shi ne, duk shekara idan na zo koyar da darasin gaɓoɓin jiki, ba na samun misalin da ya fi akwatin giyar mota saurin shiga kan ɗalibai. Giyar da nake nufi fa ita ce wadda direba ke sauyawa da hannu bayan ya taka kulochi, kada wani ya kai ni ƙara wajen liman.

A cikin gwiwar ɗan Adam, ƙasusuwa suna haɗuwa, kowane da shimfiɗar guringuntsi a bakinsa, sa'an nan akwai wani ruwa mai yauƙi a tsakaninsu wanda yawansa bai wuce cikin ƙaramin cokali ba. Wannan ruwa shi ke sa mutum ya yi shekara saba'in yana tafiya ƙasusuwan ba su cinye juna ba. Jiki yana sabunta ruwan nan kullum da kansa. Akwatin giya ma haka yake buƙatar abin da zai shiga tsakanin ƙarafunsa, sai dai shi ba ya iya sabunta nasa. Idan man ya tsufa ko ya tsiyaye, dole hannun mutum ya kai masa ɗauki.

Za mu ɗauki misali da Mazda MX-5, wata ƙaramar motar gudu mai kujera biyu da ake ƙerawa a Hiroshima ta ƙasar Japan. An fara nuna ta a Chicago a shekarar 1989, kuma ya zuwa 2016 an ƙera guda miliyan ɗaya. Samfurinta na farko yana da giya biyar ta gaba da ɗaya ta baya. A giya ta ɗaya, sai inji ya juya sau 3.136 kafin sandar da ke fita daga akwatin ta juya sau ɗaya. Wato idan inji yana juyi 3,000 a minti, sandar tana yin kamar 957 ne kawai, amma da ƙarfin da zai tayar da mota daga tsaye. A giya ta huɗu gudunsu daidai yake. A ta biyar kuwa lissafin 0.814 ne, saboda haka sandar takan yi juyi kamar 3,685, ta fi injin kansa sauri. Ɗalibai su gwada wannan rabawa da kansu.

Duk wannan ƙarfi ta kan haƙoran ƙarfe yake bi, kuma wurin da haƙori ke taɓa ɗan'uwansa siriri ne ƙwarai, kamar layin da aka ja da fensir. Man giya yakan shiga wannan wuri ya zama wata 'yar shimfiɗa wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba, ya hana ƙarfe cin ƙarfe. Haka nan yana kwashe zafi ya kai shi jikin akwati, yana kuma jiƙa boris-boris, yana hana tsatsa. A irin wannan akwati babu famfon da ke tura mai. Haƙoran da ke ƙasa su ne ke tsoma kansu ciki suna fantsama shi sama. Don haka idan man ya ragu, sassan da ke sama su ne za su fara jin jiki, tun direba bai ji wani ƙara ba.

To, amma akwai wani sashe wanda shi santsi mai yawa cutarsa yake yi. Wannan shi ne zoben daidaita gudu, wanda Earl Thompson ya ƙirƙiro dabararsa, kamfanin Cadillac kuma ya fara sa shi a motocinsa a 1928. Kafin giya ta shiga, sai wannan zobe, wanda galibi da tagulla ake yin sa, ya goga a jikin ƙarfe har gudun sassan biyu ya zo ɗaya. Aikinsa ke nan irin na birki. Idan mai ya cika santsi, zoben zai riƙa zamewa, giya ta riƙa shiga da ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Direban motar gudu yana yawan sauya giya, da sauri kuma, alhali inji yana kururuwa, saboda haka zobbansa sun fi na sauran motoci wahala.

Wannan ya kawo mu ga rubutun da ke jikin galan. Lambobi irin su 75W-90 suna bayanin kaurin mai ne: na farko kaurinsa cikin sanyi, na biyu kuwa kaurinsa a zafin digiri 100. Mutane da yawa suna zaton man giya mai lamba 90 ya ninka man inji mai lamba 40 kauri. Ba haka ba ne. Ma'aunan biyu dabam suke, kuma idan an auna su a zafi, man giya 90 kusa yake da man inji 40 ko 50. Sai kuma alamar GL-4 ko GL-5, wadda ke nuna yawan sinadarin farar wuta da fosfaras da aka zuba don kare haƙora daga matsi mai tsanani. Wannan sinadari shi ke ba man giya warin nan nasa da ba ya fita daga riga. GL-5 ya fi yawan sinadarin, domin an tanade shi ne musamman saboda aksul na baya, inda haƙora ke zamewa a kan juna. Wasu ire-irensa suna cin tagulla idan zafi ya yi yawa, suna kuma rage wa zobba kamu. A nawa ra'ayin, inda littafin mota ya ba da zaɓi, GL-4 ya fi dacewa da akwatin giya. Littafin dai shi ne alƙali, gama akwai motoci irin su Mini ta 1959 waɗanda inji da giya mai ɗaya suke sha.

Duban mai ba shi da wuya, ko da yake akwatin ba shi da sandar awo irin ta inji. Akwai murfi biyu masu zare, ɗaya a gefen akwati na zubawa, ɗaya a ƙasa na tsiyayewa. A tsayar da mota a wuri mai baje, a kwance na gefe, a sa yatsa. Idan man yana daidai da leɓen ramin na ƙasa, ya isa. A duba launinsa kuma. Wanda ya yi fari-fari kamar madara ruwa ya shige shi, abin da kan faru idan mota ta ratsa ambaliya da damina. Wanda ke ƙyalli kamar an barbaɗa garin zinariya kuwa, zobban tagulla ne ke cinyewa.

Idan za a canja, a ɗan zagaya da motar tukuna don man ya yi ɗumi ya sake jiki. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Motocin gudu gajeru ne, idan jak ya zame babu sararin da zai ceci ƙirjin mutum. A yi amfani da ramin gareji, ko a ɗora motar a kan matokaran ƙarfe guda huɗu yadda za ta tsaya daidai.

A fara kwance murfin zubawa kafin na tsiyayewa. Na koyi wannan da tsada a kan tsohuwar motata, ranar da wani yaron gareji ya tsiyaye man tas, sa'an nan muka tarar murfin gefe ya cije, sifana kuma ta cinye kansa. Kwana biyu motar ta yi a wurin, ni kuwa ina zuwa aiki a ƙafa. A kuma tabbata murfin da aka kama shi ne na mai, domin wasu akwatuna suna da noti mai kama da shi wanda ke riƙe da wani sashe a ciki. A murfin ƙasa akan sami maganaɗisu. Laushin gari mai toka-toka a jikinsa ba abin damuwa ba ne, a goge shi kawai. Gutsattsarin ƙarfe da yatsa zai iya ji kuwa alama ce haƙori ko boris ya fara karyewa, kuma sabon mai ba zai warkar da shi ba. Bayan an mayar da murfin ƙasa, tare da sabuwar washa idan yana da ita, sai a tura sabon mai ta ramin gefe da ɗan famfon hannu ko tiyo da mazurari, har ya fara dawowa. MX-5 ta farko takan sha kamar lita 2. A ɗaure murfi da lura, don jikin akwatin na alminiyan ne, zarensa ba ya jure ƙarfin tuwo.

Tsohon man kuma kada a zubar da shi a kwata. Yakan shimfiɗu a saman ruwa ya hana iska shiga, kifi da 'ya'yan kwaɗi su shaƙe, kuma yana ɗauke da garin ƙarafa da ke iya kaiwa ga ruwan rijiya. Shafa shi a kan gyambon dabba, kamar yadda wasu ke yi, cutarwa ce. A zuba shi a jarka mai murfi a kai wa masu tattara baƙin mai.

Malamai za su iya nuna tasirin zafi a kan kaurin mai a cikin aji. A sami dogayen kwalabe biyu masu garau, a cika su da man giya iri ɗaya, a tsoma ɗaya a ruwan ƙanƙara, ɗaya a ruwan ɗumi, na minti 15. Sa'an nan a saki ƙwallon boris a cikin kowacce, ɗalibi ɗaya ya riƙe agogo, wani ya rubuta daƙiƙa nawa ƙwallon ya yi kafin ya taɓa gindin kwalba. A maimaita sau uku, a fitar da matsakaicin lokaci, sa'an nan a sake gwajin da man gyaɗa a kwatanta sakamakon.