Darasin Kimiyya: Abin da ke kayar da tsofaffin bas-bas a wajen binciken lafiyar mota

Ɗalibai, duk wanda ya tsaya a bakin titi a Katabu, kusa da Mararrabar Jos, zai ga bas-bas ƙirar Toyota Hiace suna wucewa daga Kawo zuwa Zariya da Kano, wasu kuma suna karyawa hanyar Jos. Da yawansu sun girme ku. Doka ta ce kowace sai jami'an binciken mota sun duba ta sun ba ta takardar shaidar lafiya. Yau za mu duba inda waɗannan motoci suka fi faɗuwa, da dalilin da kimiyya ta bayar.

Mu fara da birki, domin a nan rai yake. Mota mai tafiya tana ɗauke da ƙarfin gudu, kuma ƙarfi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Idan direba ya taka birki, takalmin birki yana goga ƙarfen da ke juyawa tare da taya, sai ƙarfin gudun ya koma zafi. Ku rubuta wannan ƙa'ida: idan gudu ya ninka sau 2, ƙarfin da birki zai kashe ya ninka sau 4. Ke nan motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana buƙatar ninki huɗu na tazarar da mai gudun 50 za ta ci kafin birki ya tsayar da ita. Lodi ma haka: kowane buhun masara da aka ƙara, ƙarin aiki ne a kan birki.

Abin da ke kai saƙon ƙafar direba zuwa taya shi ne man birki. Ruwa-ruwa ba ya matsuwa, shi ya sa abin da aka taka a sama yake isa ƙasa nan take. Amma wannan mai yana zuƙar danshi daga iska a hankali. Sabon mai samfurin DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205 a ma'aunin Salshiyos; wanda ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa a wajen 140. Da ya tafasa sai tururi ya shiga bututu, tururi kuma yana matsuwa. Direba ya taka, ƙafarsa ta nutse har ƙasa, mota na ci gaba da tafiya. Wannan na daga cikin abin da ake nufi idan aka ce birki ya tsinke. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne masu zuba ruwan omo a madadin man birki don tsimin kuɗi. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, ga shi yana cin ƙarfe da tsatsa. Wannan ganganci ne da rayukan mutane. Mai bincike yana duba yoyon mai, da cinyewar takalmi, da ko mota tana janyewa gefe guda idan an taka birki.

Sai taya. Duk girman bas, inda kowace taya ke taɓa kwalta bai wuce faɗin tafin hannu ba. Zanen da ke jikinta magudana ce: da damina shi ke korar ruwa don roba ta kama titi. Idan zurfinsa ya gaza milimita 1.6, tayar ta suɗe, kuma a kan jiƙaƙƙen titi sulɓi za ta yi. Roba kuma tana tsufa ko ba a hau ta ba, rana da iska suna busar da ita har ta tsattsage. A gefen taya akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin a daina amfani da tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa. Tayoyin gwanjo da yawa kan iso kasuwa bayan sun wuce haka.

Fitila, sigina, madubi, ham da abin share gilashi ba sa buƙatar dogon bayani. Gyaransu ba tsada, amma suna kayar da motoci da yawa. Sitiyari mai wasa kuwa alama ce gaɓoɓin ƙafar mota sun ci, ramukan hanya ne ke gaggauta hakan.

Na ƙarshe hayaƙi. Shuɗi na nufin inji yana ƙona baƙin mai, galibi saboda ringin fistin ya saki. Baƙi na nufin mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi na nufin ruwan lagireto yana shiga silinda. Wanda ya fi su haɗari ba a ganinsa: iskar kabon monoksaid ba ta da launi ba ta da wari. Idan salansa ta fashe, tsatsa kuma ta huda ƙasan mota, iskar tana shiga wurin fasinjoji, ta kama jini ta hana shi ɗaukar iskar oksijin, ta kawo ciwon kai da gyangyaɗi har ga direba.

Aikin gida: kowa ya duba tayoyin wata mota a gidansu ko a unguwa da izinin mai ita, ya rubuto lambobin nan huɗu, ya lissafa shekarun kowace taya. Wadda kuka ga ta haura shekara 4, ku faɗa wa mai motar cikin ladabi.