Yadda Ake Gano Ciwon Moton Tsohon Injin Finbol

Finbol wasa ne da ake yi a kan teburi mai gangara da murfin gilashi, mai wasa yana bugun ƙwallon ƙarfe don ya tara maki. Birnin Chicago na Amurka ne cibiyar ƙera shi, inda kamfanonin Gottlieb da Williams da Bally suka yi tashe. Kafin kwamfuta ta shiga cikinsa a ƙarshen shekarun 1970, wani moto ne a cikin akwatin yake tsara komai. Yana juya fayafai masu tudu da kwari, su kuma suna buɗe makunnai suna rufewa. Idan ƙwallo ta ci maki 50, shi ke aika wuta sau biyar, goma-goma. Na Gottlieb kan yi sulusin zagaye ya tsaya, na Williams da Bally kuwa rabi.

Abin da za ka riƙe shi ne, moton nan ɗan aike ne. Galibi laifin ba nasa ba ne, na wanda ya aike shi ne.

Da farko, zare fulogi daga bango, domin akwai wutar gida a cikin akwatin. Cire gilashi, kwashe ƙwallo, ɗaga teburin ka tokare shi. Ka ajiye taswirar wayoyin injin kusa da kai.

Na biyu, juya fayafan da hannu ta inda suka saba bi. Idan sun cije, giris ne ya tsufa ya daskare. Goge shi da sifirit, ka ɗiga mai kaɗan a inda sandar moton take juyawa. Kada mai ya taɓa makunnai.

Na uku, idan yana juyawa a hannu amma ba ya motsi da wuta, ciro fiyus ka gwada da mita, don ido yana ruɗi. Duba wayoyi biyun da ke jikin moton, ko dalma ta saki. A injin Gottlieb ya kamata mita ta nuna wajen bolt 25 lokacin da aka kira shi.

Na huɗu shi ne ciwon da ya fi yawa: moto ya kama juyi ya ƙi tsayawa. A nan sai haƙuri. Da an danna maɓallin fara wasa, moton zai ta juyi har duk ƙafafun lambobin maki su koma sifiri. Kowace ƙafa tana da makunnin da ke shaida ta iso sifiri. Guda ɗaya ya yi datti ko ya lanƙwashe, injin ba zai san an gama ba. Leƙa allon maki. Ka ga wata ƙafa ta maƙale a kan 7? To ga mai laifi nan. In duk suna sifiri, kashe wuta, ka juya su ɗaya bayan ɗaya daga 9 zuwa 0, idonka a kan makunnin. Daga nan ka nemi rile, wato makunnin da wuta ke ja, wanda ya kama bai saki ba, sannan makunnin da ke tsayar da moton a mazauninsa.

Na biyar, gyaran makunni. Fara ɗaure kusoshinsa, domin sukan yi sako-sako da shekaru, tazarar ta canza. Goge bakinsa da siririn zarto mai laushi. Sai in hakan bai yi ba za ka lanƙwasa ƙarfen, a hankali, daga gindi. Ka guji feshin wanke lantarki, domin makunnan nan suna tartsatsi, yana iya kama wuta.

A ƙarshe, gyara abu ɗaya, ka kunna ka gwada, kafin ka taɓa na gaba. Wanda ya bi makunnai goma yana lanƙwasawa a zama ɗaya ya ƙara wa kansa ciwo tara. Injinan nan da yawa sun haura shekara 50, kuma an ƙera su ne don a riƙa gyarawa. Mai bin taswira sannu a hankali zai tashe su.