Darasi: Daga Rafinmu Zuwa Tafkin Chadi

Darasin wannan wata a kan 'ya'yanmu ne da suke ƙaramar sakandare, da yadda za mu taimake su su san duniya.

Tun 1982, sa'ad da aka soma tsarin 6-3-3-4, yaro yakan yi shekara uku a ƙaramar sakandare, a nan ne kuwa ake koya masa labarin ƙasa da al'adun mutane. Amma ku gwada shi. Zai faɗa muku babban birnin Faransa ba tare da ya yi tunani ba. Ku tambaye shi inda ruwan da ya zuba a gonar ubansa yake tafiya, sai ya yi shiru. Yaron da ya tashi haka yakan ɗauka ci gaba abu ne da yake Legas ko Turai, gona kuwa ta wanda ya faɗi jarrabawa ce. To, wa zai gāji gonakinmu da ƙungiyarmu?

Shawararmu ita ce a fara daga gida, a bi hanya har a fita duniya. Wannan aiki bai fi ƙarfin manomi ba, ko da bai yi boko ba.

Ku fara da ruwa. Ku share fili a gindin itace, ku ba yaro sanda ya zana rafin da ya fi kusa da ƙauyenku, ko kuna Getso, ko Kutama, ko Garo, ko Gude. A yi layin ruwa da toka, a sa dutse a madadin gari. Sa'an nan ku bi shi da tambaya, daga nan sai ina? Rafuka irin su Magaga da Guzuguzu suna zuba a Kogin Challawa. Challawa ya gamu da Kogin Kano, su zama Kogin Haɗeja, ya wuce ta Wudil da Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Nguru. Daga can sai Gashuwa, inda ake kiransa Komadugu Yobe. Ya bi iyakar Nijeriya da Nijar har ya faɗa Tafkin Chadi, wanda ƙasashe huɗu suke tarayya a kansa, watau Nijeriya, Nijar, Chadi da Kamaru. Kafin tokar ta ƙare, yaro ya gamu da Badawa da Barebari da Larabawan Shuwa, ya kuma tsallaka iyaka yana zaune a gindin itace. Ku ƙara masa wannan: can yamma da mu, a ƙasar Katsina, akwai rafukan da suke gangarawa wani gefe dabam, zuwa Gulbin Rima, zuwa Kwara, har teku. Ruwan sama ɗaya, hanya biyu.

A nan ne maganar raya ƙasa take shigowa. An gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ta Challawa kuwa da take ƙasar Karaye an gama ta a 1992. Muna da ƙanana kusa da mu, kamar ta Guzuguzu a ƙasar Kabo. Amfaninsu ba ya ɓuya: noman rani, kifi, ruwan sha. Amma kada ku tsaya nan. Ku gaya wa yaro cewa mutanen Haɗeja da Nguru da ambaliyar kowace shekara suke noma shinkafa da kamun kifi. Da aka tare ruwan sai ambaliyar ta ragu, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Tafkin Chadi ma, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya janye ƙwarai bayan farin 1973 da na 1984. Ku tambaye shi, idan kai ne mai rabon ruwan, yaya za ka yi wa na sama da na ƙasa adalci? Kada ku ba shi amsa. A ganinmu wannan tambaya ta fi haddar sunayen birane ashirin amfani.

Wata rana kuma ku ɗauki darasin daga kwanon tuwo. Gero da dawa namu ne na Afirka, daga nan suka tafi Indiya, har Indiya ta fi kowace ƙasa noman gero. Masara kuwa baƙuwa ce, asalinta Meziko, ana kuma cewa sunanta daga Masar ya fito. Rogo, gyaɗa, tumatir da barkono duk daga ƙasashen Amurka suka zo. Yara sukan yi dariya in sun ji cewa akwai zamanin da kakanninmu ba su san yajin barkono ba. Tsofaffin ƙungiya su ba da labarin gyaɗa da bakinsu: yadda jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yi ta tara dalar gyaɗa ana kai wa Turai, har fari da cutar da ta murƙushe ganyenta a 1975 suka karya cinikin. Yaro zai gane cewa kasuwar nesa tana iya cika rumbu, tana kuma iya barin mutum hannu wofi idan ya dogara ga amfani iri ɗaya.

Sa'an nan a nuna musu abin da talakawa irinmu suka yi a wasu wurare. A Maraɗi, cikin 1983, wani ma'aikacin mishan na SIM mai suna Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya lura cewa kututturan da ake sarewa kowace shekara lokacin sharar gona suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a share tohon duka, sai a zaɓi masu ƙarfi kaɗan, a sassabe sauran, a bar su su girma. Da fari mutane sun yi ta gardama, suna cewa inuwa za ta kashe hatsi. Daga baya masu bincike suka ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a gonaki hekta miliyan 5 a Nijar, da yawansu gawo ne. A Yatenga ta Burkina Faso kuma, marigayi Yakuba Sawadogo ya gyara tsohuwar dabarar haƙa ramuka da rani a ƙeƙasasshiyar ƙasa, a zuba taki, gara ta shiga ta huda ƙasar, ruwan fari ya tsaya a ramin. A Nijar tassa ake ce da ita. Ba injin, ba bashin banki. Mutanen Maraɗi kuwa Hausa suke ji kamar mu.

Abu guda da za ku kula da shi: kada darasin al'adu ya zama ba'a. Idan ana maganar abincin wasu, ko tufafinsu, ko addininsu, a tambayi dalili. Me ya sa Bafulatani yake kai shanu kudu da rani, ya dawo da damina? Yaron da ya zana burtali a taswirarsa ya san amsar, da wuya kuma ya shuka a kansa idan ya girma. Mai wa'azi zai iya karanta musu Ayyukan Manzanni 17:26 kafin a fara.

Kafin taron wata mai zuwa, kowace ƙungiya ta zaɓi dattijo ɗaya da mace ɗaya waɗanda suka ga farin 1984, su zauna da yara ran Asabar da la'asar. A gaya wa malamin makaranta tun da wuri, a kuma gayyaci 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi da na rugar Fulani idan iyayensu sun yarda. 'Yan mata su zo tare da 'yan maza. Yaran su kwafe taswirar a takarda, su sa alamar rafi, rijiya, burtali da kowane gawo da yake gonar gidansu. Magatakarda ya tattara takardun ya kawo mana ranar taro.