Wane Irin Zafi?

Jikata, amaryata ta wasa, na ji kin dawo Matankari daga karatun jinya a Sakkwato, bakinki cike da Ingilishi. Madalla. Kafin ki sa farar riga, zauna mu yi magana a kan zafi.

Bature yana da burn, yana da sting, ya ɗora wa kowacce kayan jaki uku. Wuta ta lashi hannu, burn. Tuwon dare ya taso wa mutum a ƙirji, burn. Fitsari ya fita da azaba, ita ce dai. Sting kuma ta kwashi kunama da zuma da sabulun da ya shiga ido, har da baƙar magana. Faransancin da muka yi aiki da shi a Dogon Dutsi haka yake: ça brûle, ça pique, an gama.

Mu ba mu yi wannan rowar ba. Kunama harbi take, maciji sara, sauro cizo, ƙarangiya suka. Barkono yaji ne. Gyambon da aka zuba wa ruwan gishiri raɗaɗi yake. Ƙurjin da ya tara mugunya, zogi, yana bugawa kamar ganga. Na ƙirji sunansa ƙwannafi. Ƙaiƙayi kuwa, tambayi matan da ke sussukar gero, sunan abin da sunan azabarsa ɗaya ne.

Sai dai mutanen Arewa, da kunya da dauriya, duk za su dunƙule miki shi: "Zafi nike ji." Kada ki yi saurin rubutawa. Ce, "Baba, wane iri? Yana ci ne kamar wuta, ko yana bugawa?" Dattijon da ya ce ƙwannafi, alhali gumi na keto masa, ciwon na sauka hannun hagu, kada ki sallame shi da maganin ciki, zuciya ce ake tsoro. Yaron da ke wanka a tabki, fitsarinsa na raɗaɗi da jini a ƙarshe, nemi tsargiya.

Ƙunar wuta kuma, ruwa mai sanyi, minti 20. Za su kawo miki yaro da ƙwai da toka da man goge baki a shafe. Kada ki yi faɗa. Uwar ta yi abin da uwarta ta koya mata ne. Wanke a hankali, kina yi kina tambayar ta sunan yaron.